Baƙon da Ke Ƙarƙashin Haƙarƙari

A hawa na uku, asibitin Sheffield,
ta shafa mini mai mai sanyi a ciki,
ta juyo allon ya fuskance ni.
Ga wani baƙin abu a tsakiyar hantata,
zagaye kamar bakin rijiya,
cikinsa ƙananan rijiyoyi. Bakwai na ƙirga.
"'Ya'yansa ne," in ji Likita Pritchard.
Ni da 'ya ɗaya tak na haifa a ƙasar nan.

Ta ce, "Ka taɓa zama da kare?"
Na yi dariya har gefen dama ya tsayar da ni.
Shekara ashirin da shida ina tuƙa bas;
in makaho ya shigo da karensa
nakan tattare gefen rigata.

Sai da na sunkuya ɗaure takalmi
na tuna Ƙyale-su.

Jan kare, kunne ɗaya a yage,
mai kwana bayan mayankar Illela.
Baba na feɗe tunkiya,
in ya ga hanta ta yi ƙurajen ruwa
sai ya yanke wurin, ya wurga ta kafaɗa
bai ko waiwaya.
Ba ta taɓa kaiwa ƙasa.
Ni kuma in rungume wuyan mai cafewa,
in sosa masa baya,
in tsoma hannun nan cikin ɗumame.

Ƙwan tsila, in ji ta. Ido ba ya ganinsa.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan ya kwana, ya wuni, ya kafa gida.
Ya bi ni Kano, ya bi ni layin biza,
aka buɗe jakata a filin jirgi,
aka ƙwace kilishi da daddawa,
shi ya wuce, ba fasfo, ba tambaya.
Ya ci azumi talatin da ni
bai taɓa yin tari na ji ba.

Kakanta ma, ta ce, makiyayi ne a tuddan Wales,
irinsa aka ciro masa.
Muka yi shiru ni da ita,
kamar waɗanda suka gano dangantaka a gidan makoki.

Yanzu ƙwaya safe da yamma, da abinci mai maiƙo,
wuƙa kuma sai bayan wata uku.
Kada ya fashe, shi ne gargaɗin.
Ina taka burki a gangaren Crookes
kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.

Daren jiya na kira Sallau, magajin wuƙar Baba.
Na ce, "Hantar da ta yi ruwa, binne ta.
Yi rami mai zurfi. Kada kare ya samu."
Ya ce, "Yaya, Turai ta lalata ka.
Tsutsar nama ai nama ce."

A bayansa ina jin haushi,
da dariyar ƙaramin yaro.