Baƙo Zai Koma

Cikin tirelar shanu ya zo, a kwalin taliya,
ɗan tsurut, ido kamar garwashin da ya kwana.
Cindo direba ya ce kwikwiyo ne,
a bakin dajin Gundumi ya tsince shi, ba uwa.
Ni mahauci ne a mayankar Oko-Oba,
ƙashi da tumbi ba su yi mini wuya,
na ce a bar mini shi. Na sa masa suna Baƙo.

Wata bakwai bai yi haushi ba.
Karnukan Agege na yi wa babur haushi, suna yi wa hadari,
shi sai kallo,
sai zagaye turke har ƙasa ta yi santsi.

Daren da mai ya yi wuya,
janaretocin layinmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya,
aka ji shirun da ban san Legas na da shi ba.
Nan ya miƙa wuya sama ya ja wani kuka
dogo, siriri,
kamar ana zare jijiya daga ƙirjina.
Iya Risikatu ta fito da ɗaurin ƙirji tana tafa hannu:
Alaji, wannan ba kare ba ne!

Da safe na kira Barau, tsohon da ke gadin turken raguna.
Ya duƙa, ya dubi sawu, ya dubi kunne.
Ya ce kyarkeci ne.
Sannan ya dube ni ya ce, kai jikan wa?
Na ce jikan Nomau.
Ya yi dariyar da ba haƙori:
Jikan maharbi ya ɗaure dawa a bayan banɗaki.

Maganar ta tsaya mini kamar ƙaya a dasashi.
A Agege aka binne cibiyata.
Tashe ni cikin dare, zan jera maka tashoshi
daga Oshodi har Iyana-Ipaja,
amma ajiye mini kalgo da sabara, ban san wane ne wane ba.
Kwarin kakana na rataye bayan ƙofa,
fatarsa ta tsattsage,
a ciki muke cusa takardun kuɗin wuta.

Kwana uku mai walda na haɗa keji.
Kwana uku Baƙo ya ƙi hanta, ya ƙi huhu,
na ce ko ya ji labari.
Lantana, autata, ta zaɓo masa ƙashin cinya mai ɓargo,
ta tura da tsinken tsire,
ba ta yi kuka ba sai da ta shiga ɗaki.

Tirela takan koma wayam, sai warin kashin shanu da igiyoyi.
Niyyata in damƙa wa Cindo amana, in ba shi na goro,
in koma kan wuƙata.
Barau ya ce: in an buɗe, kada a kira sunansa,
ba zai waiwayo ba, kuma kada ka so ya waiwayo.
Na ce ai ba ni zan buɗe ba.
Ya ce to.

Wannan "to" ɗin ne ya maido ni gida da gudu.
Na zazzage takardun wuta a kan tabarma,
na saɓa kwari, ko kibiya ɗaya babu.

Ga mu yanzu a gadar Berger, asuba ba ta gama ba.
Danfo na ta hon, yaran mota na kiran garuruwa,
a hancina hayaƙi ne kawai da ruwan kwata.
Shi kuwa ya tashi tsaye,
ya zura hanci tsakanin ƙarafa, yana rawa,
ya ji abin da ke gaba da kwana biyu.

Na dafa kejin.
Baƙo, in mun isa, kafin ka shige,
ka ɗan tsaya gindin wani itace,
in tambayi mutanen wurin sunansa.