Izinin Ganye Mai Kunne Huɗu

Ina 'yar shekara goma na fara sa shi a ƙirji,
ɗan koren ganye mai kunne huɗu.
Uwata ce ta ɗinka shi da farin zare
ranar da na ja maraƙina zuwa filin baje koli,
a garinmu na Nebraska, inda masara ta fi mutane baki.
Yau ina da saba'in da huɗu,
wai sai na nemi izini.

Riga arba'in kawai nake son bugawa:
a sayar da ashirin a zuba wa mota mai,
yara su sa ashirin su raka tumakinsu.
Na je ofishin gunduma da safiyar Talata,
na tarar da Lindqvist gaban kofin da ya huce,
yaron da na taɓa share wa hawaye
da akuyarsa ta tsinke igiya gaban alƙalai.
Ya ce, "Madam Hruska, sunan nan da tambarin nan
amana ce a hannun gwamnati.
Ga takarda, shafi biyar.
Ki haɗo da samfurin zane."

Kada ganyen ya karkace.
Kada a ɗora masa rubutu.
Kada a ja shi ya yi tsawo, kada a danne shi ya yi faɗi,
koren ma da irin nasa,
ba kowane kore ba.

Na ce, "Amanar wa?
Tun ba a haifi mai sa hannun ba
nake wanke ganyen nan ina shanyawa a igiya."
Bai tanka ba. Ya jawo durowa,
ya fito da buhun dusa a naɗe,
ga ganyenmu ɗare-ɗare a gadon bayansa.
"Wani ne ya buga, ba da sanin kowa ba.
Iyaye suka gan shi suka saya ido rufe,
dusar kuwa ta yi fumfuna.
'Yan raguna uku na gidan Vesely
ba su ga ƙarshen bazara ba."

Na yi shiru.
Ba don na yarda duka ba,
sai don na san yarinyar Vesely,
na kuma san sunayen da ta raɗa wa ragunan.
Na ari bironsa.

Mako shida ina takawa bakin titi,
kare a gabana, gwiwa tana ƙorafi.
Akwatin wasiƙa ya ba ni kuɗin wuta,
ya ba ni tallan taya,
ya ba ni gizo-gizo.

Agusta bai jira kowa ba.
Yara suka shiga fili da fararen riguna, fayau,
ƙirji ba ko ɗigo.
Ragon jikata Josie ya zo na uku.
Da ta karɓi ƙyallen nasara
sai ta juyo ta neme ni a cikin benci,
ta buɗe tafin hagu sau ɗaya, ta rufe.
Da koren biro ta zana shi,
a karkace, kunne ɗaya ya fi saura,
gumi ya cinye rabin kara.
Ban ga komai ba, ni.
In an tambaye ni, rana ce ta shige mini ido.

Bayan kwana tara wasiƙa ta iso,
da hatimi, da sa hannu kamar tafiyar tsutsa:
an yarda, na shekara uku.
Na manna ta jikin firiji
kusa da katin ganin likita.
Shekara uku!
Wani can da bai taɓa ganina ba
ya ba ni abin da likitana ya ƙi yi mini alkawari.

Na kira mai buga riguna.
Arba'in, na ce, na baɗi.
Ta Josie a ƙara mata faɗi a kafaɗa.