Gardama a Magazin

A Suwame, bayan la'asar,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
ni ne yaron da ke riƙe waya.
Hannuna ya yi tsami, ba wanda ya tambaya.

A damana Jatau mai guduma,
shekara talatin yana miƙe abin da hanya ta lanƙwasa.
A haguna Mumuni mai faci,
wanda ke gane taya da ɗan yatsa
yadda Iya Zinatu ke gane waken da ya nuna.

Jatau ya ce: Mota ita ce mai rufi,
mai goshi, mai ƙugu, mai kama da tasin Kwabena.
Dube su, garke guda a zobe ɗaya,
tururuwa a bakin kwanon zuma.
Wannan ta goge waccan, fenti ya tashi,
ba mai tsayawa neman gafara.
Ta baya ta sa hanci a ƙeyar ta gaba,
ta ɓuya wa iska, ta yi lamo,
sai a zagayen ƙarshe ta ɓullo kamar mai bin bashi.
Gefe ya lotsa, ana dai tafiya.
Irin wannan in ta faɗi, a kawo mini ita,
ni da ita mun san yaren juna.

Mumuni ya tsartar da ruwan goro.
Hagu, hagu, hagu, ya ce, akuya a turke!
Yaro, juya mana tawa.
Ga ta nan, ƙafa huɗu a waje, ba zane ba riga,
siririya kamar fara, tana jan ciki kamar kunama,
mutum ɗaya kwance a cikinta, kansa kawai ake gani.
Ita ba a taɓa ta.
Taya ta sumbaci taya, sai mota ta koma tsuntsu,
don haka da gashin ido ake auna tazara.
Kwana ta zo a lauje,
ya taka birki a inda kai za ka fara salati.
Ga kuma masu canza taya:
kafin ka ce bisimilla, huɗu sun sauka, huɗu sun hau.
Ni da nake cin minti ashirin da jak da gumi,
ranar da na fara gani, sai da na cire hula.

Jatau ya ce: Jerin gwano ne, ba mai wuce wani.
Mumuni ya ce: Dambe ne naku, an sa masa inji.
Suka rantse da iyayen gidan da suka yaye su.
Ataya ta huce a kofi.

Saura zagaye uku, ta biyu ta matso,
ta leƙa ciki, ta leƙa waje,
sai fuskar waya ta yi baƙi.
Tun safe babu wuta, dumso ya riga mu.
Muka ga fuskokinmu uku a gilashi, baki buɗe.

Ba a gama tsaki ba, ga torotoro daga Tafo,
ana turo ta, gefe a lotse, taya a fashe,
tumatir na ɗiga ta ƙofar baya,
direba na zagin wani da ba ya wurin.
Jatau ya shafa ƙarfen kamar goshin mai zazzaɓi.
Mumuni ya durƙusa, ya kara kunne.

Yaro, gangaro da sifiya!

Na gangaro ta daga bakin rumfa,
ta suɓuce mini a gangaren kwata,
taya ɗaya, tsirara, ba direba,
ta kauce wa kaji, ta sha kwanar masallaci,
ina binta, ina kukan inji da bakina,
ban ma san na wace mota nake yi ba.