Baƙar Leda

Daren da wuta ta gangaro daga tsaunukan Kalifoniya,
ni kaɗai na fita da kayana cif.
Ba wayo ba ne.
Gida bakwai na zauna cikin shekara tara,
ban taɓa kwance baƙar ledata ba.
Kullum tana bakin ƙofa,
kamar kare mai jiran fito.

Tobiah ya fito da takalmi wari guda.
Yesenia ta rungumo kyanwa, ta bar hoton uwarta.
Misis Okamoto, mai riƙonmu, tana ƙirga kawuna a mota,
shida, shida, shida,
ta kasa yarda da bakinta.

Sai bayan mako uku aka bar mu muka koma.
Bututun hayaƙi ne kaɗai a tsaye,
da bahon wanka cike da toka,
da cokula da suka narke suka rungume juna.
Kowa ya yi kuka.
Ni na tsaya ina jin kunyar ledata.

Da bazara magina suka zo.
Tsoho Lucero ya damƙi ƙasar wurin, ya shinshina,
ya ce wannan ta riga ta sha wuta,
ba abin da za a sake tsorata ta da shi.
Da ita muka daɓe bango, kauri ya kai kamu ɗaya.
Rufi na ƙarfe, babu kafar da tartsatsi zai laɓe.
Tsakuwa taku biyar kewaye da gida,
tanki a ƙasa yana jiran ruwan hunturu,
allunan sola a sama suna tatsar rana,
ranar nan dai da ta busar mana da daji.
Har awaki aka yi haya su cinye ciyawar gangare.
Tobiah ya raɗa wa kowacce suna, ya ƙi cin nama tun ranar.

Ni ina ɗaukar bokiti ina lissafi:
kafin a sa tagogi zan cika sha takwas,
takarda za ta ce na girma, in kama gabana.
Ina gina wa wata ɗaki ke nan.
To, ba komai. Na saba.

Ran da aka yi yaɓen ƙarshe
Misis Okamoto ta ja ni bayan gida.
Wani ɗan ɗaki, ƙofarsa daban,
na waɗanda takarda ta sallama.
Ta sa mini mabuɗi a tafin hannu, ba ta ce uffan ba.

Akwai durowa mai aljihu uku.
Kwana huɗu ina kallonta.
A na biyar na sa safa ƙafa ɗaya, na rufe,
na zauna ina saurare ko wani abu zai faru.

Ledar kuwa, jiya na yanka ta.
Akwai dashen itace a bakin tanki
da sanyin dare ke neman kashewa.