Wa Zai Taya?

Babanmu ya bar mana abu biyu:
takardar hannun jari a wani banki,
da kamfanin bokitin roba a Kakuri.

Takardar ba ta ba mu wahala ba.
Barau ya latsa waya,
farashi ya fito kamar kuɗin mudun gero,
jiya ya hau, yau ya ɗan rusuna.
Dubban mutanen da ba su san sunan baba ba
sun riga sun gama mana ciniki.
Kafin la'asar an raba.

Kamfanin fa, wa zai taya?

Muka ɗauko Rifkatu, akanta daga Barnawa.
Kwana tara tana shaƙar ƙaurin roba,
tana ƙirga injina, tana bin littafin bashi
inda baba ya rubuta:
"mai farar fijo, Kawo, dozin arba'in,"
ba suna, ba rana.

Ta ce: na nemo sa'o'insa a kasuwar hannun jari,
na ga ninki nawa ake sayen ribarsu,
na auna naku da wannan mudun,
sannan na zabge uku cikin goma.

Na ce, zabgen na mene ne?

Ta ce: saniyar da ke tsaye a Zango
kowa ya ga haƙoranta,
a saya da hantsi, a sayar da azahar.
Taku tana ɗaure a bayan gida.
Wanda ya saya ya shiga da ƙafar dama,
fita ce zai shekara yana laluben ƙofa.
Kuma rabin cinikin nan
a cikin gaisuwar babanku yake,
ita kuwa kun kai ta makwanci ranar Talata.

Barau ya ce a sayar.
Asabe ta ja mayafi, ba ta tanka ba.
Ni na zaga wajen inji na uku,
wanda ba ya tashi sai Ɗantala ya dafa shi ta hagu,
shekara goma sha tara ke nan.
Na tambayi Rifkatu a wane layi ta sa wannan.
Ta dubi takarda, ta dubi Ɗantala,
ta rufe biro.

Gab da magariba wata farar fijo ta tsaya a ƙofa.
Wani dattijo ya fito da kuɗi ƙulle a leda,
ya ce sai jiya ya ji rasuwar.
Dozin arba'in da biyu ne, in ji shi,
marigayin ya manta biyu.