Zane Bakwai

La'asar ke shimfiɗa ta, isha ke naɗe ta,
'yar kasuwarmu ta bayan Rijiyar Ɗorowa.
Ba ta da suna a takardar kowa.
Rumfa huɗu ce da inuwar dogonyaro,
sai duk mai tiren da ya gaji da yawo.

Inna kan ƙulle min sule a bakin riga:
kanwa ta kwabo biyu, daddawa ta ukku,
saura a maido gida.
Sauran nan bai taɓa isa gida da cikarsa ba.

Yaya za a yi ya isa?
Tun daga kwanar masu facin keke
ƙamshin man ƙuli ke shaƙe ni a wuya.
Ige na juya masa, tanda na tofar da mai,
Nomau da farantin fara, jawur da yaji,
yana rantsuwa daren jiya anka kamo ta.
Mu fige ƙafafu, mu tauna har ido ya yi ruwa.
Jaɓɓi mai kifin Rima ya kunna aci-balbal,
ƙuda ya kora da kwali, mu ya kora da harara.
Ga ƙwai-da-ƙwai a cikin baho,
na yi shekara ina neman ƙwan ban gan shi ba.

Amma ni wurin Tumba nake ƙarewa.
Hocenta baƙi a gefe, ƙamshin dawa da hayaƙi.
Ta marmasa shi da yatsu uku a tasa,
ta zuba ƙuli, albasa, ta ɗiga mai kamar mai rowa,
sannan ta ƙara ɗigo ɗaya ba ta dube ni ba.
"Mi kaka kallo? Ci. Ina kuɗɗin?"
Na sunkuyar da kai.
Ta jawo gawayi daga bakin murhu
ta ja zane a katangar gidan Ladan.

Kowane yaro da layinsa.
Na Arzika ya fi na kowa tsawo, har ya sha kwana.
Ba ta iya boko ba, ba ta taɓa ɓata lissafi ba,
sai ranar da ruwan farko ya sauka
ya wanke katangar tas.
Washegari ta dubi bangon, ta taɓe baki:
"Damina ta biya muku, ɓarayin banza."
Muka yi ta tsalle a cikin taɓo.

Shekarar da na yi tsawo
ta ɗaga layina sama, ƙarƙashin kwano,
inda ruwa ba ya kaiwa.
Zane bakwai.
Kafin in tara kuɗin aka sauya wa Baba wurin aiki,
muka hau mota da asuba, kasuwa ba ta farka ba.

Bara na koma.
An sare dogonyaro, an shafe katangar da siminti,
wani yaro na cajin wayoyi a daidai murhunta.
Na ce Tumba. Ya ce wace Tumba?
Wani tsoho mai goro ya ce, Allah shi jiƙan ta,
ko ɗiya ba ta bari ba.

Na tsaya da hannu a aljihu
har wata yarinya ta zo wucewa da hoce a bokitin roba.
Na saya, na ci a tsaye. Ba hayaƙi, mai ya yi yawa.
Na miƙa mata dubu, na juya da sauri.
Ban kai kwanar masu faci ba
na ji silifa na bina a guje.
"Baba! Baba! Ga canjinka."
Ta ƙirga min shi a tafin hannu, daidai,
ko naira ba ta rage ba.