Ɗakin Wuta na Bayan Tasha

A Sabon Gari, bayan tashar jirgin ƙasa,
inda kwalta ta gaji ta sallama wa jar ƙasa,
akwai ɗakin da ba a taɓa kwana a cikinsa ba.
Ba murhu, ba randa, ba a taɓa raɗa suna a ƙofarsa ba,
amma shi ya riƙe fitilun unguwa shekara sittin.

Jan bulo ne, gasasshe, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa.
Tagoginsa can sama, ƙanana, masu haƙarƙarin ƙarfe,
don iska ta shiga, ido ya tsaya a waje.
Ƙofa ɗaya, koriya, mai nauyin bijimi,
a jikinta ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye.
Muna yara mun sha rantsuwa kabarin wani Bature ne.

Kakana Jatau na cikin waɗanda suka ɗora shi.
Maginin ƙasa ne daga cikin birni, ya tashi cikin tubali da azara.
Aka ba shi magwaji da igiya da takarda mai layi-layi,
aka ce: bi wannan, kada ka ƙara, kada ka rage.
Ya bi.
Sai ranar da za a sauke tsani,
injiniya ya tafi Kaduna karɓo kuɗin lebura,
tsoho ya hau kusurwar gabas da ragowar kwaɓi
ya tsayar da zanko guda, bai kai kamu ɗaya ba.
"Ɗaki ba zanko," in ji shi, "kai ne ba hula."

Ƙarar nake tunawa.
Wani gurnani ƙasa-ƙasa, dare da rana,
kamar zuma ta yi gida a kogon kuka,
haƙori ke fara jin sa kafin kunne.
Kawu Sallau ya shekara ashirin da bakwai yana sauraro,
da rigar kaki da safar roba har gwiwar hannu.
Yakan ce daga muryar yake gane gari:
yanzu injin gurzar auduga ya tashi,
yanzu teloli sun koma kan keke,
yanzu an sha ruwa, kowane gida ya murɗa rediyo.
Yatsu uku ne a hannunsa na hagu.
Bai ba mu labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Sunan masu ɗakin ya yi ta sauyawa a goshinsa,
fenti kan fenti, harafi kan harafi,
mu dai ɗakin wuta muka sani.
Wata damina aka ja sabon layi ta Kwangila,
babbar mota ta zo ta kwashe kayan cikinsa, ta bar fata.
Shiru ya tare. Jemagu suka biyo baya, ba haya.
Cediya ta sa yatsa a tsagin bango tana gwada ƙarfinta.

Bara wasu suka zo da farar mota da igiyar awo,
suka ce ginin ya shiga rajistar kayan tarihi,
ba rushewa, ba taɓawa.
Suka kafa allon tagulla:
shekara, sunan injiniya, sunan kamfani daga ƙetare.
Na nemi Jatau a layukan. Na sake nema.

Jiya bayan magariba muka bi ta wajen, an ɗauke wuta.
Janareton Ɗanlami mai cajin waya na tari a gindin bangon,
wayoyi arba'in sun jeru suna tsotso kamar 'ya'yan tunkiya.
'Yata Delu ta haska allon da wayata,
tana haɗa baƙaƙen sunan da bakinta ya ƙi ɗauka.
Na kama hannunta na ɗaga hasken sama,
ya wuce tagogi, ya wuce kashin jemagu, ya tsaya a kusurwar gabas.
Ta ce, "Baba, wancan ɗan ƙahon fa?"
Na ce, riƙe fitilar da kyau, kada ki girgiza.
Wannan karanta shi ake yi a hankali.